Uzurin Waɗanda Suka Tafi

Waidamu, Fiji
Lahadi, 9 ga Yuli, 1989

Zuwa ga Maman Birendra,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, ke da Birendra da matarsa da jaririyar da har yau ban gani ba sai a hoto. Yaya gwiwarki da wannan sanyi na Auckland? Ki riƙa shafa man kwakwa da ɗuminsa, kada ki jira sai ciwon ya taso. Ni lafiyata ƙalau, mun gode wa Ubangiji.

Wasiƙarki ta iso ranar Talata. Na ga tambayar da kika ja wa layi biyu a ƙasa. Zan amsa, amma bari in fara ba ki labarin gida.

An fara saran rake. Tokar gonaki tana sauka a kan shanya, sai yanzu na gane abin da ya sa kike kwashe kaya tun rana ba ta yi sanyi ba. Su Ram Sundar ma sun rufe gida, sun tafi Sydney ranar Juma'a. A layinmu yanzu gida uku ne kawai ake hura wuta. Ina murza gurasar roti huɗu da safe, in ci biyu, in rufe biyu zuwa rana. Har yau babu wanda ya fita zagaye kamar naki.

Ranar Alhamis mun yi taron Ƙungiyar Fitila, ƙarfe huɗu kamar kullum. Na buɗe zauren, na share, na jera kujeru talatin da ɗaya. Mu shida muka zo. Yaya Wahid Baksh ya zauna a kujerar shugaba, ya kaɗa ƙararrawa, ya ce, “Magatakarda, mun cika?” Na ce, “Ba mu cika ba, Shugaba.” Ba sai na tuna miki ƙa'ida ta biyar ba, tunda ke kika buga mana kundin a tafireta shekarar da muka kafa ƙungiyar: ba a yanke komai sai rabin mutanen da ke cikin rajista da mutum ɗaya sun hallara. Sha shida ke nan. Rabonmu da ganin mutum sha shida a zauren nan shekara biyu, tun da aka yi juyin mulki mutane suka fara kama hanya.

Ilisoni ya ce, “Hedimasta, ka ƙirga da kujerun mana. Ai sun fi mu zuwa taro.” Muka yi dariya, aka dama yangona, abin shan nan na dakakkiyar saiwa, kowa ya sha kwano biyu, Yaya Wahid ya sha shayinsa. Muka rufe kafin biyar.

Abin da ke damuna shi ne motar ɗaukar marasa lafiya. Tun da Hanif, autan Yaya Wahid, ya bi yayansa Yunus zuwa Kanada a ƙarshen bara, tana nan a rumfa ba mai tuƙa ta. Ƙa'ida ta tara ta ce sai ɗan ƙungiya ne zai tuƙa, kuma a kan wannan sharaɗi aka ba mu takardar inshora. Idanun Yaya Wahid sun yi rauni, zare ma sai an zura masa a allura. Hannun Ilisoni na dama ya shanye. Ni kin san keke kawai na iya. Sauran ukun duk sun haura saba'in. Sabon mutum kuwa ba ya shiga sai taro ya cika ya amince da shi. Kin ga inda muka tsaya.

To, tambayarki. Na san takardun tafiyata sun fito, na san kuma wa'adinsu ƙarshen Disamba ne. Ban manta ba. Amma shekara ashirin da takwas littafin ƙungiyar nan yana hannuna, ba zan iya ajiye shi a haka in hau jirgi ba. Ki ƙara mini haƙuri kaɗan.

Ki gaishe da yaran. Ki sumbaci jaririya a madadina.

Naki har kullum,
Bisun Dayal

Waidamu
Lahadi, 6 ga Agusta, 1989

Maman Birendra,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku baki ɗaya, ina fata tarin da kika ce jaririya tana yi ya lafa. Ni ma ina nan lafiya.

Ashe labarin Apenisa ya riga ni zuwa wurinki ta bakin matar Ram Sundar. Kin yi gaskiya, na ɓoye miki. Sau biyu na fara rubuta shi a wasiƙar da ta wuce, sau biyu na yaga takardar. Ga yadda abin ya faru, daga bakina.

Ranar ashirin ga Yuni ne, wajen sha ɗaya na safe. Apenisa yana saran rake a gonar da ke bayan gada, adda ta kuɓuce ta same shi ƙasa da gwiwa. Kin tuna shi, yana aji ɗaya da Birendra, yanzu 'ya'yansa huɗu. Sista Mereoni ta ɗakin shan magani ta ɗaure wurin, ta zo gidanmu a guje, rigarta duk jini. Ta ce, “Hedimasta, makullin mota. Ni zan tuƙa.”

Makullin yana aljihuna, Maman Birendra. Har hannuna ya taɓa shi. Sai na ji bakina yana cewa, “Sista, ba kya cikin rajista.”

Ta ce, “Jini ne yake zuba, Hedimasta, ba tawada ba.”

Na ce ta jira in nemi izinin shugaba. Na hau keke zuwa shagon ɗinkin Yaya Wahid, na tarar ya fita, na bi shi har bakin masallaci. Bai ɓata lokaci ba, ya ce, “Ba ta mana, me kake jira?” Ko da na dawo sun riga sun ɗora Apenisa a bayan tarakta sun tafi. Hanyar da mota ke yi a minti hamsin, awa biyu da rabi suka yi. A asibitin Labasa aka yanke ƙafar. An ce mai yiwuwa ko da motar ma da ba a cece ta ba. Sista Mereoni dai ba ta faɗi haka ba, ni kuma ban tambaye ta ba.

Da aka sallamo shi na ɗauki saiwar yangona na je ƙauyensu neman gafara. Na zauna a ƙasa a gaban dattawansu, na faɗi abin da na yi. Suka karɓa. Apenisa yana kwance a tabarma, ya ce, “Hedimasta, kai ka koya mini karatu, ba zan riƙe ka ba. Abu ɗaya dai nake ta tunani a kwancen nan. Motar nan ta wa ce?” Na miƙe na yi musu sallama. Na tuƙo kekena zuwa gida, na zauna a baranda har rana ta faɗi.

Akwai kuma abin da ban taɓa gaya miki ba. Ƙa'ida ta sha biyu ta ce duk wanda ya rasa taro shida a jere ba tare da ya aiko uzuri a rubuce ba, magatakarda zai karanta sunansa a gaban taro ya soke shi. Ba a bukatar ƙuri'a, ba a bukatar a cika. Da na bi wannan, da tuni mu shida ne a rajista, mutum huɗu sun isa a yanke magana, da tuni Sista Mereoni ta shiga. Amma duk wata sai in rubuta a gaban kowane suna, “Ya aiko uzuri.” Mutum ashirin da biyar. A watannin farko wasu sun aiko da gaske. Daga baya ni nake aiko musu. Na gaya wa kaina abubuwa za su daidaita, za su dawo, su tarar da kujerunsu.

Na je wurin Yaya Wahid na ce masa lokaci ya yi. Yana kan keken ɗinki, bai ɗago kai ba. Ya ce, “Ranar da ka ja layi a kan Yunus da Hanif, ka gaya mini ke nan ba za su zo su binne ni ba.” Na ce magana ce ta littafi kawai. Ya ce, “In ta littafi ce kawai, me ya hana ka shekara biyu? Kai ma ɗanka yana ciki, Hedimasta.” Ya ci gaba da taka kekensa, ya bar ni a tsaye.

Abin da na yi shi ne na rubuta wa dukansu ashirin da biyar ɗin wasiƙa. Na ce duk mai niyyar dawowa ya aiko uzurinsa da hannunsa kafin taron Oktoba. Ta Birendra tana cikin wannan ambulan, ki ba shi. A taron Alhamis da ta wuce kuwa ban rubuta wa kowa komai ba. Na bar gurbin fili.

Kada ki yi fushi da na ɓoye miki. Kunya ce.

Naki,
Bisun Dayal

Waidamu
Lahadi, 10 ga Satumba, 1989

Maman Birendra,

Ina gaishe ki da kyau. Yaya jikinki, yaya yaran? Na gode da wasiƙarki. Ban zaci za ki yi mini sauƙi haka ba. Inda kika ce da kina gida da ke kin zaro makullin daga aljihuna, na karanta shi ya fi sau goma. Gaskiya ne, da kin zaro.

Amsoshi sun fara zuwa. Mutum tara ne suka rubuto, kuma babu ko ɗaya da ya ce a bar sunansa. Wani ya aiko hoton sabon gidansa. Wani ya tambaya ko har yanzu ana samun kaguwa a bakin kogi. Na ga amsar Birendra ma. Ya ce, “Baba, ai na ɗauka an cire ni tuntuni.” Kada ki yi masa faɗa, bai faɗa da mugun nufi ba. Ni ne dai na tuna ranar da aka rantsar da shi, da rigar da kika guge masa.

Yunus ya rubuto a madadinsa da Hanif. Ya ce in cire su, amma don Allah kada in gaya wa mahaifinsu cewa su suka ce. Wasiƙar tana cikin aljihun tebur. Kullum in na wuce shagon sai in ɗaga hannu, Yaya Wahid ya ɗaga nasa, ba mai cewa komai. Rabona da in zauna mu sha shayi wata guda ke nan.

Yanzu ki zauna kafin ki karanta sauran. Kanhai Lal ya rasu.

Ba shi ya amsa wasiƙata ba, 'yarsa Sarojni ce daga Vancouver. Ta ce tun ranar sha huɗu ga Maris ne, ciwon zuciya, a tashar bas. Sun rubuto nan gida ga ɗan baffansa, ba su san shi ma ya riga ya bar ƙasar ba. Wasiƙar tana can wani wuri a rufaffen gida.

Ni da Kanhai muka rubuta kundin nan a kan teburin cin abincinmu, kina kawo mana shayi kina cewa mu rage murya yaro yana barci. Shi ya kawo ƙa'ida ta sha biyu, ni na ce ta yi tsauri, muka yi kwana uku muna gardama. Shekara ashirin da shida shi ne mai tara itacen ƙona gawa in namu ya rasu, shi ne kuma kan gaba da shebur in na su Yaya Wahid ne ko na su Ilisoni. Ban san wa ya tsaya a kansa ba. Sarojni ba ta faɗa ba.

Na ɗauko littafin taro na duba. Afrilu, Mayu, Yuni, Yuli. Sau huɗu na rubuta da hannuna cewa Kanhai Lal ya aiko uzuri.

Jiya ban dafa komai ba. Yau da safe na je bakin kogi na zuba masa furanni, ni kaɗai. Ban iya addu'o'in da kike yi ba, na dai kira sunansa na ce ya yi haƙuri. Ki kunna masa fitila a nan wurinku.

Naki,
Bisun Dayal

Waidamu
Lahadi, 8 ga Oktoba, 1989

Maman Birendra,

Gaisuwa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya. Na ji daɗi da kika ce sanyi ya ragu har kina fita da jaririya. Ni ina lafiya, sai dai gajiya.

An yi taron ranar Alhamis. Zan ba ki labarinsa tun daga farko, domin ba ni ne zan rubuta shi a littafi ba.

Tun da safe na aika wa Sista Mereoni cewa ta zo ta jira a baranda, ita da duk wanda ke son shiga. Ta zo da mutum huɗu, cikinsu har da Timoci, yayan Apenisa, mai awon rake. Ba ta gaishe ni ba.

Da Yaya Wahid ya kaɗa ƙararrawa, na miƙe na fara da rasuwar Kanhai. Muka tsaya shiru. Ilisoni ya yi kuka a fili, bai damu da kowa ba. Da aka zauna ni ban zauna ba. Na ce ina da magana a ƙarƙashin ƙa'ida ta ashirin, wadda ta ce mai muƙamin da ya rubuta abin da ba gaskiya ba a littafi zai sauka. Na faɗi abin da na yi. Na roƙi a bar ni in yi aiki ɗaya na ƙarshe kafin in miƙa littafin.

Yaya Wahid ya kaɗa ƙararrawa ya ce, “Zauna, Hedimasta. Wannan ba ya cikin jerin abin da za a tattauna.”

Na ce, “Ba zan zauna ba, Shugaba.” Ban taɓa faɗa wa wani shugaba haka ba. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ajiye ƙararrawar a hankali.

Na buɗe rajista na fara daga sama, yadda aka shiga. Kanhai ne na farko. Na karanta, na sa rula, na ja layi. Na zaci minti goma za a yi. Amma da na karanta suna na biyu sai Ilisoni ya ce, “Wannan shi ya ɗauko matata a kafaɗa ranar da guguwa ta yaye mana rufi.” Na uku kuma wani ya ce, “Wannan marowaci ne, amma sau goma sha ɗaya ya ba da jini.” Haka aka yi ta yi. Kowane suna sai an faɗi wani abu a kansa, wani a yi dariya, wani a yi shiru. Awa ɗaya da rabi muka yi. Na baranda suna ji ta taga, ba wanda ya tafi.

Da na zo kan Birendra sai na tsaya, rula a hannu. Ilisoni ya ce, “Direban da ya taɓa kai mai naƙuda Labasa ya manta mijinta a hanya.” Dariyar da aka yi ce ta ba ni damar jan layin.

Yunus ne ke bin sa. Kafin in buɗe baki Yaya Wahid ya miƙo hannu ya ce, “Kawo nan. Ni na raɗa musu suna, ni zan karanta.” Na kai masa. Ya ɗaga littafin har ya kusa taɓa hancinsa, na ɗora masa yatsa a wurin. Ya ce, “Yunus Baksh.” Ya ja layi. Na gangaro da yatsansa. Ya ce, “Hanif Baksh.” Bai yarda da rula ba, layin ya karkace har ya shiga sunan da ke ƙasa. Sai ya ce, ba tare da ya dubi kowa ba, “Sun sayi gida can tun bara. Sun ɗauka ban sani ba.” Ban ce masa komai a kan wasiƙar Yunus ba, kuma ba zan ce ba.

Da aka gama ya gyara zama ya ce, “Magatakarda, mun cika?” Na ce, “Mun cika, Shugaba.” Na daɗe ina jiran ranar da zan faɗi haka, amma ban ji daɗin da na zata ba.

Aka shigo da su biyar, aka kawo shawara, aka mara baya, aka ɗaga hannu. Mun zama sha ɗaya. Shawara ta farko da Sista Mereoni ta kawo ita ce a gyara ƙa'ida ta tara: in rai yana cikin haɗari, duk mai lasisin tuƙi ya ɗauki mota, a sanar daga baya. An amince, za a rubuta wa masu inshora. Aka zaɓi Timoci magatakarda. Na miƙa masa littafi da rajista da rula. Makullin kuwa na ajiye shi a gaban Sista. Ta ɗauka ta fita, bayan minti biyu ta leƙo ta taga ta ce, “To, masu ƙa'ida, batir ya mutu. Wace lamba ce ta yi maganar turi?” Sai ga mu, tsofaffi, muna tura mota a gangaren makaranta, Ilisoni da hannu ɗaya yana ihu wai shi ne injin. Ta tashi a turi na uku.

Da na dawo gida na ga ba ni da abin ajiyewa a kan tebur. Na wanke ƙafa, na ɗumama miyar dal, na ci a tsaye.

Ki gaishe da Birendra. Ki ce masa an yi masa shaida mai kyau.

Naki,
Bisun Dayal

Waidamu
Lahadi, 5 ga Nuwamba, 1989

Maman Birendra,

Ina gaishe ki, ina gaishe da yaran. Ina fata wannan za ta same ku lafiya. Ita ce ta ƙarshe, domin in na sake rubuta wata zan riga ta isowa.

Motar ta yi tafiya bakwai a wata guda. Ranar Laraba ita ta kai Apenisa Labasa a gwada masa ƙafar katako. Shi bai shiga ƙungiya ba, kuma ban ga laifinsa ba. Sista Mereoni ta fara amsa gaisuwata, a taƙaice.

A taron Alhamis na zauna a baya. Timoci yana rubutu a hankali, yana tsallake abubuwa, sau biyu na kusa gyara masa na kama bakina. Da aka zo ƙarshe na miƙa takardar fita daga ƙungiya. Ilisoni ya ce in bari mana, ai ana iya aiko uzuri daga Auckland. Na ce a'a, ba na son in zama nauyi a lissafin kowa.

Yaya Wahid ya ce bai karɓa ba. Timoci ya ce ai sai an kaɗa ƙuri'a. Mutum tara suka ɗaga hannu a sallame ni da godiya. Da aka ce masu ƙi, sai Yaya Wahid ya ɗaga nasa. Timoci ya buɗe kundi ya ce, “Shugaba, ƙa'ida ta bakwai ta ce ba ka da ƙuri'a sai an yi kunnen doki.” Ya ce, “Na sani. Rubuta dai.” Timoci ya dube ni, ni kuma na dubi ƙasa. Ya rubuta.

Bayan taro ya ce in raka shi gida, wai ba ya ganin ramukan hanya. Ya riƙe gwiwar hannuna, muka kama hanya. A ƙofarsa ya ce in jira. Ya fito da kwat mai kauri, baƙa, ya ce tun watan Agusta ya yanka ta, lokacin da muke gaba da juna. Ya ce, “Gwada in gani. Ban auna ka ba, amma shekara arba'in ina kallon wannan ƙashin bayan naka.” Hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Na ce ta yi daidai. Ya ce, “Maƙaryaci. Yanzu da wa zan riƙa faɗa?” Ya shige ya rufe ƙofa.

Zan gaya miki gaskiya guda kafin in zo. Ba don mota kaɗai na daɗe ba. A nan in na bi hanya kowa ya san ni, ko wanda ke fushi da ni ya san sunan ubana. A can ban san me zan zama ba, banda tsoho a ɗakin baya na gidan ɗansa. Tsoro nake ji, Maman Birendra. Amma na gwada zama ba ke shekara ɗaya da wata huɗu, na ga iyakar abin da zan iya.

Timoci da iyalinsa za su zauna a gidan su kula da shi. Zan tashi daga Labasa ranar ashirin da shida, in kwana biyu a Nadi, in sauka wurinku ranar Talata ashirin da takwas da rana. Na san Birendra zai ce ki huta, shi zai je ya ɗauko ni. Kada ki yarda. Ki zo da kanki, ki tsaya a gaba inda zan gan ki da na fito.

Sai na zo.

Mijinki,
Bisun Dayal